Ganye Ashirin da Bakwai

Iskar ta taso ranar Talata bayan la'asar, ba ta cika minti arba'in ba ta wuce. Kafin ta wuce ta yaye rufin gida tara a layinsu, ta kwantar da turakun wuta, ta tuge tsohuwar bishiyar bakin layi har saiwa. Washegari rediyo ya ce tun da aka fara rubuta ƙarfin iska a garin ba a taɓa ganin irinta ba: kilomita ɗari da tamanin da bakwai a awa.

"Su ce aƙalla," in ji wani dattijo a layin, yana gaya wa matarsa. "A nan na'urar ta karye. Abin da iska ta yi bayan haka ba wanda ya auna."

Shekara talatin ya yi a ofishin duba yanayi kafin ya yi ritaya, shi ya sa duk layin ke kiransa Malam Hadari. Ya ɗauko tsohon littafinsa yana nuna mata wadda aka yi shekara arba'in da ɗaya baya, yana sabon ma'aikaci, ɗari da sittin da biyu. Ba ta duba ba. Hankalinta na tsakar gida.

Ita Mai kati ake ce mata, waɗanda ta girma su ce Gwaggo. Shekara ashirin da ɗoriya tana yin katin gaisuwa da hannu: na taya murna, na ban-gajiya, na duba mara lafiya. Teburinta na gindin taga a ƙaramin ɗaki. Almakashi uku, reza, hantsaki, kwalbar gam da take damawa da kanta da sitaci, sai katako biyu da bulo huɗu da take danne takarda da su har ta miƙe. Ba ta taɓa sayen takardar ado ba. Kwalin sabulu, tsohuwar kalanda, cikin ambulan, duk tsinta take. In ta ga takarda, launi take fara gani da kauri, sannan ta ga inda almakashi zai bi. Abin da aka rubuta a jiki shi ne na ƙarshe da idonta ke kaiwa, in ma ya kai. Wannan halin ne ya sa ta gwanance, shi ne kuma ya kayar da ita.

Gidansu gajere ne, yana bayan doguwar katangar makaranta, ko kwano ɗaya bai tashi ba. Amma akwai wata kusurwa a tsakar gidan inda katanga biyu suka haɗu, can iska ta zube duk abin da ta kwaso daga unguwa. Leda, ganye, hular wani, da takardu jiƙaƙƙu har gwiwa.

Yini guda ta yi tana ɓamɓare su ɗaya bayan ɗaya. Ta shimfiɗa kowace tsakanin tsofaffin jaridu, ta danne da katako. Duk wadda ke da suna ko hoto ta ware gefe: takardar haihuwa, katin asibiti, sakamakon jarrabawa. Kafin yamma ta aika wa masu su da guda goma sha ɗaya, suna ta sa mata albarka. Wannan aikin kirki ne, dole a yaba mata.

Cikin sauran akwai falle biyu na shuɗiyar takarda, mai ɗan kauri, irin wadda aka daina yi. Ruwa ya taɓa tawadar ta ɗan nashe a gefen haruffa, ta yi wani duhu-duhu kamar jijiyar ganye. Haruffan manya ne, a karkace, kamar na ɗan aji ɗaya. Ta ɗaga ta a hasken taga ta daɗe tana kallo. Ta ga rubutun hannu ne, ba za a ce ba ta gani ba. Ta dai ce wa kanta aikin gida ne na wani yaro, ba ta karanta ba don kada ta ga akasin haka.

Tun da safe take tunanin abin da za ta kai wa gidaje taran nan. Ba ta da kwano, ba ta da ƙusa, kati take da shi. Ta yanko kututturen bishiya daga kwali mai ruwan ƙasa, guda tara, kamar bishiyar bakin layi lokacin tana tsaye. Ganyen kuwa daga shuɗiyar takardar ta fitar da su da reza, kowane kamar babban yatsa, uku-uku a kan kowane kati. Ashirin da bakwai. Abin da ya rage na fallayen biyu, duk huji kamar rariya, ta ninke ta jefa a gwangwanin guntaye, don ba ta zubar da takarda.

"Wannan ya fi duk wanda kika taɓa yi," in ji Malam Hadari, da ya leƙo. "A ina kika samo shuɗin?"

"Iskarka ce ta kawo mini."

"To ta yi abin kirki ɗaya."

Ranar Asabar ta bi gida-gida ta raba. Aka yaba, ta dawo tana jin daɗin kanta.

Ranar Lahadi da hantsi aka yi sallama. Bakaniken da ke da gareji a bayan layin ne, dogon mutum mara yawan magana, zai yi shekara arba'in da biyar. Iska ta ɗauke rumfar garejinsa duka, ta watsar da abin da ke ciki. Ya gaishe da Malam Hadari, ya durƙusa ya gaishe ta.

"Gwaggo, an ce takardun mutane sun faɗo gidanki."

"Sun faɗo kam. Shigo ka duba, ga su can a tire."

Ya zauna a bakin tabarma yana ɗaga su ɗaya-ɗaya da manyan yatsunsa. Ya kai ƙarshe, ya sake farowa.

"Lasisi ne ko rasit?" in ji Malam Hadari.

"Wasiƙa ce, Baba. Ta mahaifiyata. Ba ta yi makaranta ba. Sai da ta haura sittin ta shiga ajin manya. Lokacin ina can nesa ina koyon aiki, ta rubuto mini. Ita ke nan wasiƙar da ta taɓa rubutawa a duniya. Ba ta shekara ba bayan nan ta rasu."

"Allah ya jiƙanta."

"Amin. A cikin akwatin ƙarfe take, iska ta buga shi da bango ya buɗe. Falle biyu ce, shuɗiya. Rubutun manya-manya, in ka gani sai ka ce yaro ne."

Gwangwanin guntaye na kan tebur, taku huɗu daga inda yake zaune, ƙofar ɗakin ma a buɗe. Mai kati ta ji idon mijinta a kanta, ba ta juya ba.

"Duk abin da ke hannuna ga shi nan gabanka," ta ce.

Ta zaɓi kalmomin da kyau, don ta iya cewa daga baya ba ta yi ƙarya ba. Ƙarya ce. Mutumin ya tambayi abu, ta san amsar, ta bar shi ya tashi da abin da ba haka ba.

"Ba komai, Gwaggo. Na gode. Zan duba gaba."

Da bakaniken ya fita, Malam Hadari ya rufe rediyonsa.

"Shuɗin nan ne ko?"

"Shuɗiyar takarda ɗaya ce a garin nan?"

"Ni ban ce ba. Tambaya na yi."

"To ka yi ta tambaya."

Bai ƙara ba. Ya san ta shekara talatin da shida, ya san in aka matsa mata ƙara ƙanƙamewa take. Ya ɗauki kujerarsa ya koma ƙofar gida kallon masu ɗora kwano.

Ranar Litinin ba ta zauna a teburin ba. Ta wanke labule, ta goge tagogin da ba su da datti, ta yi faɗa da mai kawo ruwa a kan abin da bai kai ya kawo ba. Sau biyu ta ɗauki gwangwanin, sau biyu ta ajiye ba ta buɗe ba. Tana ta lissafi a ranta: ai ba ta sani ba, ai da ba ta tsince ta ba da ta ruɓe a kusurwa, ai mutum ɗaya ne ya sani kuma mijinta ne. Duk gaskiya ne, kuma duk ba su sa ta iya cin abincin rana ba.

Ranar Talata za ta kasuwa, ta bi ta ƙarshen layi. A babbar kwatar da ke gefen titi ta ga mutum a tsaye cikin baƙin ruwa har ƙauri, ya naɗe wando, yana tona tarkace da sanda. Duk takardar da ya ciro sai ya buɗe ta a hankali, ya duba, ya ajiye a bakin kwata. Ya jera sun kai talatin. Bakaniken ne. Ya ɗago ya gan ta.

"Ina kwana, Gwaggo."

"Lafiya lau," ta ce, ta wuce da sauri. Ba ta kai kasuwar ba, ta zagaya ta dawo gida.

Ta buɗe gwangwanin ta shimfiɗa fallayen biyu a tebur. Tsakanin hujin, a saman na farko, ta karanta: Auta, ni ce da hannuna.

"Zan karɓo katunan," ta ce wa mijinta.

"Madalla. Amma fara zuwa ki gaya masa, ya fito daga kwata."

"In je masa da wannan rariyar? Sai na haɗa ta tukuna."

"Don shi ko don ke?"

Ta yafa mayafinta ta fita.

Karɓar kyauta bayan an bayar abu ne mai nauyi, don haka ta shirya dalili. A gida na farko ta ce gam ɗin bai kama sosai ba, za ta gyara ta dawo da shi. Aka ba ta. Gida na biyu ma haka. Na uku gidan tela ne, ƙawarta tun suna amare, mace mai baki. Ta same ta ta fito da kekenta tsakar gida tana ɗinki a inuwar tamfol, katin kuma a tsaye kan keken.

Tela ta ɗauki katin ta sa farce ta ja ganye ɗaya. Ko motsi bai yi ba.

"Wannan ne bai kama ba? Ke, gam ɗinki ko iskar Talata ba ta ɗaga shi. Da shi ya kamata a liƙe mana rufi."

"Ki dai ba ni."

"Ba zan bayar ba. Ko kin samu wanda ya fi ni ne za ki kai masa? Faɗa mini gaskiya, tsohuwa, na ga idonki ya yi zuru-zuru."

Mai kati ta zauna a kan buhun yadi ta faɗa mata, tun daga kusurwa har kwata. Tela ta tsayar da keken.

"Kin yanka wasiƙar matacciya kin yi ganye."

"Ban sani ba."

"Ranar Lahadi fa?"

Mai kati ta dubi katin da ke hannun tela.

"Ni ma na taɓa yanka yadin mutane ba daidai ba," in ji tela. "Abin da na koya, a ranar ake faɗa. In ya kwana, ya zama abu biyu." Ta miƙa mata katin. "Karɓi. Kuma ki bar zancen gam ɗin nan. Wanda kika ce wa gyara za ki yi, cewa zai yi ki bar shi haka, ya gode."

Haka kuwa aka yi a gida na huɗu. Matar gidan ta ce ai ba komai, ita a haka ma yana burge ta. Dole Mai kati ta faɗi gaskiya a tsaye a ƙofa, surukar matar na ji daga ɗaki. Daga nan ba ta sake kawo zancen gam ba. Sau shida ta maimaita labarin a yinin nan, kuma bai yi sauƙi a na shida ba. Wata ta ce Allah sarki. Wani tsoho ya dube ta ta saman tabarau ya ce shi ya ɗauka masu aikin takarda sun iya karatu. A wani gidan sai da aka ciro katin daga bakin jaririya, gefensa ya jiƙe da yawu, amma ganyen uku na nan.

Gida na tara na mai wanki da guga ne. Iska ta kwashe masa kayan mutane daga igiya, har yanzu ana tsinto riguna a kan rufin wasu. Da ta yi masa bayani sai ya hau susar ƙeya.

"Gwaggo, ki yi haƙuri. Wallahi kati ne mai kyau."

"Yana ina?"

"Gawayi ne ya jiƙe. Duk gidan nan ba busasshiyar takarda sai shi. Da shi na hura dutsen guga shekaranjiya."

"Duka?"

"Ya kama da kyau kuwa," ya ce, sannan ya ga fuskarta ya koma susar ƙeya.

Ta dawo da kati takwas. Ganye ashirin da huɗu.

Ranar Laraba tun da sassafe ta ɗora butar shayi a kan risho kusa da tebur. Gam ɗin sitaci tururi yake ji. Ta riƙe kowane kati a bakin butar tana ƙirga numfashi, in ya yi yawa tawada za ta ƙara nashewa, in ya yi kaɗan takarda za ta yage. Sai ta sa bakin hantsaki ta ɗaga ganyen, ta kwantar da shi a kan farin ƙyalle. Ta manna fallayen biyu a kan wata siririyar farar takarda, sannan ta shiga neman ramin kowane ganye. Da yake da hannu ta yanke su, ba biyu da suka zama ɗaya, kowane ramin da ya fito kaɗai yake shiga. Da azahar wuyanta ya ƙage. Malam Hadari ya kawo mata ruwa ya ajiye.

Tana haɗawa wasiƙar na fitowa, dole ta karanta abin da ta ƙi karantawa. Ba wata babbar magana a ciki. Tsohuwa ce ke gaya wa ɗanta cewa ba wanda ya rubuta mata, ƙafarta ta yi sauƙi, kada ya yi faɗa da maigidansa, kada ya riƙa wanka da ruwan sanyi. Wurare da yawa ta danne biro har ya kusa huda takarda. Wani harafin ta rubuta shi a juye, ta soke, ta sake.

Ramuka uku suka rage, fararen ganye uku a cikin shuɗi.

Ta daɗe tana kallonsu. A ƙasan falle na biyu akwai sarari da ba rubutu, zai isa a fitar da ganye uku a gyara gefen ba wanda zai lura. Tana da shuɗiyar tawada. Rubutun tsohuwar kuwa yini guda ta yi tana kallonsa, ta san yadda take karkata kowane harafi. Biyu daga ramukan ma ko yaro zai cike su. Ta ɗauki wata takarda ta gwada. Ta ɗiga ruwa da bakin tsinke tawadar ta nashe. Ta ajiye kusa da na gasken, ita kanta da ƙyar ta bambance.

Malam Hadari na tsaye a bakin ƙofa.

"Hannunki ya iya," ya ce.

"Ya iya."

"Na ukun me za ki sa?"

Ta duba layin. Jiya na yi mafarkinka kana, sai rami, sai kuma: na tashi ina dariya. Kana me? Kana gudu, kana kuka, kana tuƙi, kana rawa, duk za su shiga. Duk wanda ta sa, shi mutumin nan zai riƙa karantawa har ya mutu a matsayin maganar uwarsa. Ta dunƙule takardar gwajin ta jefa a kwandon shara, ita da ba ta zubar da takarda. Ta rufe kwalbar tawada. Ta sa wasiƙar tsakanin katako biyu ta ɗora bulo.

Ranar Alhamis da safe ta saka ta cikin kwali mai tsabta ta nufi gareji. Ba rumfa, sai turaku huɗu a tsaye da motoci biyu a rana. Bakaniken na zaune a kan taya, ƙafarsa ta dama naɗe da bandeji.

"Gwaggo, ke ce da kanki? Bismillah, ga benci."

"Me ya samu ƙafar?"

"Kwalba ce a kwata, jiya. An ɗinke."

Ta tsaya ba ta zauna ba. Ta shirya magana mai tsawo a hanya, da yadda takardar ta zo da yadda ba ta da suna. Da ta ga bandejin sai ta bar ta.

"Wasiƙarka na wurina. Tun ranar da ka zo tana wurina. Na yanka ta na yi wa mutane kati da ita kafin ka zo, da ka tambaya kuma na ɓoye maka. Na karɓo abin da ya samu na haɗa. Wuri uku sun ƙone, ba za su dawo ba."

Ya dube ta, ya dubi kwalin. Bai miƙa hannu ba. Ya tashi yana ɗingishi ya je wurin bokiti, ya wanke hannu da fetur, ya wanke da sabulu sau biyu, ya goge da cikin rigarsa. Sannan ya karɓa ya zauna ya buɗe a kan gwiwa.

Ya bi gefen ganye ɗaya da yatsa, inda reza ta ratsa tsakiyar kalma.

"Ranar Lahadi tana ɗakin?"

"Tana kan tebur."

"Ranar Talata da kika gan ni a kwata?"

"Na sani."

"Me ya hana ki ce in fito?"

"So na yi in kawo maka ita a haɗe. Don kada ka ga yadda na yi mata."

"Wato don ke."

"Don ni."

Ya gyaɗa kai. Bai ɗaga murya ba, da ya ɗaga da ta fi jin sauƙi.

"Yankawar ban riƙe ki ba, Gwaggo. Iska ta kai miki, ba ki san ta wa ce ba. Kwana huɗun nan ne. Na shiga gida ashirin, na hau rufin mutane, na bi kwatar nan har gada. Ina wucewa ta ƙofarki kullum."

Ba ta ce ya yi haƙuri ba. Ta ga kalmar ta yi ƙanƙanta.

Ya mayar da ido kan takardar ya fara karantawa a hankali, a fili, kamar ba kowa a wurin. Da ya zo farin rami na farko bai tsaya ba: "Ka riƙa cin abinci a kan lokaci." Ya wuce. A na biyu ya ɗan yi murmushi: "Akuyar nan ta haifi biyu." Ashe yana da ita a ka.

"Jiya na yi mafarkinka kana…"

Ya tsaya. Ya koma farkon layin ya sake. Ya rufe ido, leɓensa na motsi. Wata mota ta wuce a titi, ya jira ta yi nisa, ya sake gwadawa.

"Na san shi fa," ya ce. "Na sha karantawa. Shekara shida rabona da buɗe ta. Ina ganin tana nan a akwati, ba inda za ta."

Ya ɗago ya dube ta, kuma a karon farko ta ga roƙo a fuskarsa.

"Ke da kika yanka, ba ki ga abin da ke wurin ba? Ko harafin farko?"

Nan ma ƙofa a buɗe take. Da ta ce kana dariya, ko kana gudu, da ya karɓa ya gode mata.

"Ban gani ba," ta ce. "Launin kawai na kalla."

Ya gyaɗa kai ya rufe kwalin a hankali, ya riƙe shi da hannu biyu.

"Na gode da kika kawo. Sauran maganar ki bar ni tukuna, ba yau ba."

"To."

"Ki gaida Baba."

Ta juya ta kama hanya. Da ta kai kwanar layi ta waiga. Ya sake buɗe kwalin, ya sa yatsa a kan layin, bakinsa na motsi.